Ƙafar Mai Safa

Zuwa ga ƙanwar marigayiya matata, Mai Keke,

Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'Yar Baba da mijinta da baƙuwar da Allah Ya kawo mana. Ni nan lafiya ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ba ta son safiya.

Tun da surukina ya kira maƙwabcina a waya ya ce an sauka lafiya, mace ce, na kasa zama wuri ɗaya. Na gaya wa mai burodi, na gaya wa mai aski, har mai kwasar shara na tsayar a bakin layi na gaya masa, alhali ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Da yamma a ajinmu na yaƙi da jahilci Malama ta sa 'yan uwana tsofaffi suka tafa mini, ta ce in fito allo in rubuta kalmar jika. Na rubuta da manyan baƙaƙe, ba a gyara mini ko ɗaya ba. Na yi jika! Ki shafa kan amaryata ki ce mata mijinta na nan tafe, kada ta kula kowa kafin in iso.

An ce sai da aka yi wa 'Yar Baba aiki aka ciro yarinyar. Ki riƙe mini ita da kyau, kin san ba ni da wata. Na gode da kika rufe shagon ɗinkinki kika koma wajenta. Abin da yayarki za ta yi ke nan da tana raye.

Kada ki ce me ya hana ni kira. Kunnena da waya ba sa shiri, kuma wanda ya sha wahalar koyon rubutu da furfura ba zai bar alƙalaminsa ya bushe ba. Dogo direba zai riƙa kawo miki takarda, in zai juyo ki ba shi amsa.

Akwai albishir na biyu. Kin tuna Mai Safa, kyanwar nan baƙa mai fararen ƙafafu da yayarki ta tsinto a kwata tana 'yar mitsitsiya? Wani mai babur ya taka ta a ƙofar gida, ƙafarta ta baya ta karye. Na naɗe ta a tawul na kai ta asibitin dabbobi na bayan tasha. Da Likita ya faɗi kuɗin aikin sai na nemi benci na zauna, don ko fanshona na wata da watanni ba zai kai ba. A nan wata mata mai tabarau ta same ni. Ta ce su ƙungiya ce da ke biya wa masu dabbobi marasa hali. Sukan ɗauki hoton mutum da dabbarsa su sa a shafinsu, masu tausayi su turo abin da ya sawwaƙa. Ta ciro biro za ta rubuta labarina. Na ce mata a'a, ni ɗan makaranta ne, da hannuna zan rubuta. Na cika shafi guda, suka ɗauki hoton shafin tare da nawa. Yanzu an sa wa Mai Safa ƙarfe a ƙafa, ban biya komai ba. Matar ta ce har a wasu garuruwan ana karanta rubutuna, wasu ma da hawaye. Ni fa, da na ƙare aikin gadi ina dangwala yatsa a takardar albashi!

Zan taho da zarar an cire mata ɗinki, domin ba mai iya ba ta magani sai ni, kowa yakushinsa take.

Ni ne mijin yayarki, sabon kaka.

*

Zuwa ga ɗan makaranta,

Na gaishe ka. Jaririya lafiyarta ƙalau, tana tsotso tana barci. 'Yarka ce ba lafiya, kuma kai ne sila.

Takardarka ta iso, amma hotonka ya riga ta. Uwar mijin 'yarka ce ta shigo da shi a wayarta, ɗaki cike da mata masu zuwa ganin jariri. Ta miƙo mini tana murmushin nan nata ta ce, "Wannan ba baban yarinyarmu ba ne? Ashe haka bawan Allah yake fama, ba ku faɗa ba?" Waya ta zaga ɗakin daga hannu zuwa hannu. Ga ka nan a benci cikin tsohuwar rigar gadi mai yagaggen aljihu, silifas ɗaya shuɗi ɗaya ja, ka rungume mage kamar an ba ka jinjiri. Ina rigunan da na ɗinka maka? Ina takalmin da yarinyar nan ta aiko maka bara? Ko ɓera ya cinye, tunda magen taka ba ta da aiki sai barci?

Sai kuma rubutun naka da kake taƙama da shi. Wata ta karanta shi da ƙarfi don kowa ya ji: "Matata ta rasu, 'yata ta yi nisa. Da kyanwar nan nake kwana nake tashi. In ta mutu ba mai tarye ni a ƙofa." A ƙarƙashinsa mutanen da ba su san ka ba sun yi ta zuba magana. Wani ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da 'ya'yan zamani. Wata ta ce 'yar na can tana shan sanyi ta manta wanda ya haife ta. Duk wannan a kunnen yarinyar da ke biya maka kuɗin haya tun kafin ta iya saya wa kanta zane na kirki, tana kwance da ɗinki a ciki. Ta juya fuska bango. Kafin yamma jininta ya hau, sai da muka koma asibiti.

Ka kuma ce sai an cire wa mage ɗinki za ka taho. Na karanta layin nan na sake karantawa ko idona ne. 'Yarka ma ɗinki ne a jikinta, Malam, kuma ita ba a kwata aka tsinto ta ba. Wannan layin tsallake shi na yi da nake karanta mata.

Ka je wajen mai tabarau ɗinka ka sa a sauke hoton nan. Kafin a sauke kada ka hau mota, don ba zan buɗe maka ƙofa dangin miji su riƙa nuna ka da baki ba. In abin da makarantar yamma ta koya maka ke nan, gara lokacin da kake dangwala yatsa, aƙalla yatsan bai taɓa zubar mana da mutunci ba.

Ƙanwar matarka.

*

Zuwa ga Mai Keke,

Bayan gaisuwa, yaya jikin 'Yar Baba? Tun da na karanta maganar hawan jinin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ki tabbata tana shan maganinta a kan lokaci, kuma ki daina barin kowace mai waya tana faɗo mata ɗaki. Wannan aikinki ne, ba nawa ba. Yaya amaryata? Ba ki gaya mini wa ta ɗebo ba, kin cika takarda da silifas.

Yanzu ki nuna mini layin da na yi ƙarya a cikinsa. Matata ba ta rasu ba ne? 'Yata ba ta yi nisa ba? Ko ke ce kike tarye ni a ƙofa ban sani ba? Tun da aka share makoki sau ɗaya kika taka gidan nan, shi ma kin zo kwashe akwatunan yayarki ne, ko ruwa ba ki tsaya kin sha ba. Malama ta koya mana cewa in za ka yi insha'i ka rubuta abin da ke zuciyarka. Shi na rubuta. Ban zagi 'yata ba, kuma ban aiki kowa ya zage ta ba.

Maganar riga kuwa, ina shara a tsakar gida na ji kukan Mai Safa. So kike in shiga ɗaki in zaɓi mai aiki a wuya in fesa turare, ita kuma tana zubar da jini a ƙofa? Abin da ƙafata ta samu shi na zura.

Na san za ki ce me ya sa ban tambayi 'Yar Baba kuɗin aikin ba. Tana cikin watanta na haihuwa, mijinta na ta haɗa na asibiti, sai in ce a raba da kyanwa? Ke kuma ban tambaye ki ba saboda na tuna amsarki. Lokacin da Mai Safa ta yi ciwon ido na faɗa miki, cewa kika yi in sa ta a buhu in kai ta bayan gari. Kin ƙi jininta tun ranar da ta kwanta a kan yadin wata mai kuɗi da kika shimfiɗa za ki yanka, yayarki na dariya kina kumfar baki. Ke da ko kaza ba ki taɓa kiwo ba, ba za ki gane ba.

Ga abin da ake ciki. Mai Safa ta hango ƙadangare ta diro daga taga, ƙarfen ya goce, wurin ya kumbura yana wari. Likita ya ce sai an sake buɗewa, kuma wannan karon sai an kira mai aikin ƙashi daga wani asibitin, kuɗin ya fi na farko. Abin da mutane ke turowa a ƙarƙashin hoton nan shi zai biya, kuma ya kusa cika. Na tambayi mai tabarau. Ta ce in aka sauke hoto an rufe maganata ke nan, haka tsarinsu yake. Don haka ku yi haƙuri a yi aikin, washegari da kaina zan je in sa a sauke. Uwar mijin nan kuma ki ce ina gaishe ta. In tausayina ya kama ta haka, lambar asusun na nan a ƙasan hoton.

Ki rubuto mini kamannin yarinyar. Kuma ki sani ƙofar da kike cewa ba za ki buɗe ba, ba taki ba ce.

Kakan jaririya, ko kin so ko kin ƙi.

*

Malam,

Muna lafiya. Jinin ya sauka, ba don taimakonka ba.

Tunda ka buɗe bakin akwatuna, bari in buɗe nawa. Ranar da yayata ta cika, ina kake? Rana tsaka, likitoci na shiga suna fita, kowa ya ga alama. Na waiga ba ka a kujera. Da na tambaya aka ce ka tafi gida ba mage abinci. Ni na riƙe hannunta, ni na rufe mata ido. Ka dawo da ƙamshin kifi a hannunka ka tarar an ja mata mayafi. Shekara da shekaru ban faɗa maka ba saboda darajar yarinyar nan. Shi ya sa ban sha ruwan gidanka ba, tunda kana son sani. Yau ga shi kuma, 'yarka a kwance, jikarka ta fari a duniya, kai kana can gindin mage.

Wannan karon ban tsallake komai ba, na miƙa mata takardarka ta karanta da idonta. Mijinta ya dawo daga aiki ransa a ɓace, abokan aikinsa sun haɗa 'yan canji a ambulan sun ajiye masa a tebur, wai a kai wa suruki. Da wasa suka yi, amma shi bai yi dariya ba, kuma tun ranar magana a gidan nan ta zama ta dole. Da ta gama karantawa ta ninke takardar ta ce, "Inna, a bar shi ya zauna da mai taryensa a ƙofa." Kalmominta ne, ban ƙara gishiri ba.

Ka tambayi kamanni. Kunnuwanka ta kwaso, Allah Ya sa ta fi ka jin magana da su. Ta fara buɗe ido tana bin haske. Kakanta na wajen uba kullum yana nan, a kafaɗarsa take barci. Amaryar taka ta samu wani mijin.

Ba sai ka wahalar da Dogo da wata takardar ba.

Mai Keke.

*

Yaya,

Ka karanta wannan kai kaɗai.

Tun da waccan takardar ta tafi yarinyar nan ba ta da magana sai ta tasha. Da ta ji ƙarar mota a layi sai ta ce, "Inna, ko Dogo ne?" Abin da ta faɗa ranar nan zafin rai ne. Jiya na same ta ta buɗe hoton ta ƙura masa ido, ta ce wai ka rame.

Akwai abin da nake tarawa na sabon keken ɗinki. Ka je ka sa a sauke hoton, ka ce wa Likita ya kira mai aikin ƙashin ya yi aikinsa, ka rubuto mini abin da ya kama in ba Dogo. Ba don magenka na yi ba, har gobe da buhu na fi yarda. Don yarinyar nan ta yi barci ne. Kuma in ka kuskura ka rubuta wannan a insha'i, ni da kai ne.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Mai Keke,

Na gaishe ki don gaisuwa wajibi ce. Na ji daɗi da jinin ya sauka. Ni gwiwa ce kawai, yanzu da ƙafa nake zuwa ko'ina.

Zan fara da ranar nan, tunda kin ajiye ta kina jira. Kin fita neman ma'aikaciyar jinya lokacin da yayarki ta kira ni da hannu. Na sunkuya ta ce, "Tun jiya ba wanda ya je gida. Je ka ba Mai Safa abinci ka dawo." Na ce a bari sai anjima. Ta ɓata rai irin yadda kika san tana yi. Duk zamanmu ban taɓa iya ƙin aikenta ba, ranar ma ban iya ba. Na tafi da gudu na dawo da gudu. Abin da na tarar kin riga kin faɗa, kuma kin faɗe shi da kyau, har da ƙamshin kifin. Aike na ƙarshe da ta yi mini ke nan a duniya, kuma shi nake ta yi har yau. Ba tsakanin kyanwa da 'yata nake zaɓe ba, amma ke haka kika ga dama ki karanta.

Maganar 'Yar Baba ce ta tashe ni. Da na karanta "a bar shi ya zauna", ban ko ƙarasa takardar ba na sa riga, mai kyau wannan karon, na nufi asibitin. Na ce wa mai tabarau ta sauke. Ta sauke a gabana, amma ta ce wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ta da iko da shi. Sai na roƙi takarda na sake rubuta wani shafin. Na ce ni ne tsohon nan mai kyanwa, ina da 'ya guda wadda ke biya mini haya tana aiko mini da sutura, ba ta taɓa barina da yunwa ba, kuma ban gaya mata ciwon kyanwar ba ne saboda tana dab da haihuwa. Na ce duk wanda ya zage ta ya ci haƙƙinta, ya nemi yafiya. Matar ta karanta ta cire tabarau ta ce, "Baba, ka san in na sa wannan, ka fita daga cikin waɗanda muke biya wa?" Na ce na sani. Ta sa. Abin da aka tara ya koma kan na gaba a layi, wani tsohon kare mai ƙari a wuya, na wata mai wankau. Ban ji haushin matar ba, tsarinsu ne, kuma karen ma rai ne.

Likita ya duba ƙafar ya ce ruɓar na hawa, ba ta jiran kowa. Ko mai aikin ƙashi, ko a cire ƙafar gaba ɗaya, wannan shi da kansa zai iya kuma da sauƙin kuɗi. Na tura kekena na hawa wajen mai gyara na baro shi can, na kawo wa Likita kuɗin. Aka cire.

Ina zaune a bencin nan dai, an fito mini da ita a tawul allurar barci ba ta gama sakinta ba, sai ga Dogo ya shigo yana share zufa. Ya ce motarsa ta lalace a hanya, ya yi kwanaki a garejin wani ƙauye, ga wata takardar da kika ce a ba ni hannu da hannu. Duk ta yi baƙin mai. Na karanta ta a wurin, Mai Safa a cinyata, inda ƙafar take sai bandeji. Likita ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa labari ne mai daɗi ya zo a makare.

Ki riƙe kuɗinki ki sayi kekenki. Da kin sa wannan maganar a takardar da kika cika da kifi da mayafi, da yanzu tana da ƙafarta. Amma zafin kika fara aikowa, shi kuwa bai lalace a hanya ba.

Ta fara tashi. Takan yunƙura za ta sosa kunne da ƙafar da babu, sai ta tsaya tana kallona. Ni nake sosa mata. Jiya na dawo daga aji na tarar ta ja jiki har bakin ƙofa.

Na cika sharaɗinki. Ki gaya mini ko ƙofar ta buɗu, ko akwai wani abin da za a yanke.

Mijin yayarki.

*

Yaya,

Muna lafiya, mai jego ta fara zagaya tsakar gida.

Ni ban ce a yanke ƙafar kowa ba, kada ka rataya mini. Dogo kuma na same shi a tasha, abin da na gaya masa ba zai shiga takarda ba. Maganar ranar asibiti na ji. Halinta ne, har ni ta sha aike a lokacin da bai dace ba. Mu bar ta ta huta.

Sabon shafinka ya iso. Ban jira a kawo mana ba, ni na ɗauki waya na tafi har ɗakin uwar mijin, na tarar da ƙawayenta sun hallara. Na ce tunda kuna son karatu ga ci gaban labarin. Na karanta musu da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, wurin neman yafiyar nan sai da na maimaita. Ta ce ai ita dama tausayi ne ya sa ta nuna. Na ce Allah Ya ba da lada, lambar asusun na nan, akwai wani kare mai ƙari. Mijin 'yarka ya tura wa abokan aikinsa, ya mayar musu da ambulan ɗinsu.

'Yarka kuwa da ta karanta maganar ƙafar ta yi kuka har jaririya ta farka ta taya ta. Ta ce in gaya maka da ita da Mai Safa tare mamanta ta raine su, me ya sa za ka ɓoye mata. Ta ce ka taho, kuma maganar ta fi ƙarfin saƙo, abin da za ta faɗa maka sai ta gan ka.

Ga ƙunshi nan wajen Dogo, in bai sake kwana a gareji ba. Riga ce, don ba za ka shigo mana da ta gadi ba. Ɗayan kuma jaka ce mai ramukan shan iska da katako a ƙasa, tunda na san ba za ka bar gurguwar taka ba kuma ba mai karɓarta. Awon da nake da shi naka ya tsufa, don haka daga hoton na auna ku, kai da ita. Ka zube a kafaɗa, wuyan rigar ma sai da na rage. Shimfiɗar cikin jakar wani tsohon zanen yayata ne daga akwatunan da ka ce na kwashe. Da ma ajiye su na yi, ban taɓa ɗinka komai da su ba sai yau.

Sharaɗi ɗaya ya rage. A baranda za ta zauna. In na ga gashi ɗaya a kan gadon jaririya, ko a kan yadina, da kai da ita da jakar duk tasha za ku kwana.

Mai Keke.

*

Zuwa ga Mai Keke,

Lafiya ƙalau, har gwiwar ta ji labari ta yi sauƙi.

Ƙunshi ya iso. Riga ta zauna kamar a jikina kika yanka ta. Mai aski ya ce wannan telan ya daɗe yana kallona. Na ce masa wata ce da ba ta son ganin hotona, ta ƙi shi har ta haddace faɗin kafaɗata.

Jakar kuwa ban samu na gwada ba. Ina ajiye ta a ƙasa Mai Safa ta dogara ƙafafunta uku ta zo ta shinshina zanen. Ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta shige ta kwanta. Na kawo kifi ta ƙi fitowa, sai a ciki na ba ta. Na zauna kusa da ita, ban je aji ba ranar.

Baranda ta yi mana. Ba za ta iya hawa gado ba yanzu ko ta so, kin samu abin da kike nema.

Dogo zai kawo wannan yau, ni kuma motar safe zan biyo gobe, ba tasa ba. Ki ce wa 'Yar Baba ta tanadi faɗanta, zan zauna in ji shi duka. Wancan tsohon kuma ki ce ya sauke mini amaryata daga kafaɗarsa, mai kunnuwan ya iso.

Ki dafa ruwan shayi. Ni zan sha na gidan da kike.

Kaka.